Su Stray Cats: farfaɗo da rockabilly suka yi, ko kayan iyayensu kawai suka ara?

Aminu Kurna: Assalamu alaikum jama'a. Daren jiya ina neman darasin jita a YouTube sai na faɗa kan bidiyon wasu samari uku 'yan Amurka, Stray Cats. Ɗaya riƙe da ƙatuwar jita ruwan lemo, ɗaya yana dukan wani abu kamar ƙaton goge da aka tsayar a ƙasa, har hawa kansa yake yi, na ukun kuma a tsaye yake kaɗa ganga, babu kujera. Gashinsu an tara shi gaba kamar zankon zakara. Na ɗauka kiɗan shekarun 1950 ne, da na duba sai na ga 1981. Tun jiya nake maimaitawa, kiɗan ya shiga raina. To me ya sa samari a 1981 za su koma kiɗan iyayensu? Kuma su kaɗai ne, ko da wasu?

Malam Sabo T/Wada: Wa alaikumus salam, Aminu. Ka taɓo mini inda yake yi mini ƙaiƙayi, domin lokacin da yaran nan suka fito ina Ingila ina karatu.

Sunan kiɗan rockabilly. An haɗa rock ne da hillbilly, wato sunan da ake yi wa turawan ƙauyen kudancin Amurka da kiɗansu. Tushensa garin Memphis, a wani ɗan ƙaramin sutudiyo na Sam Phillips mai kamfanin Sun. A can Elvis Presley ya yi faifansa na farko a watan Yulin 1954, shi da Scotty Moore mai jita da Bill Black mai wannan ƙaton gogen da ka gani, wanda ake kira bas. Bayansa Carl Perkins, Johnny Cash da Jerry Lee Lewis duk a ɗakin nan suka fito. Wasu kamfanonin kuma suka fito da Gene Vincent da Eddie Cochran.

Wutar ba ta daɗe tana ci ba. A 1958 aka ɗauki Elvis soja. A shekarar ne kuma aka juya wa Jerry Lee Lewis baya saboda ya auri 'yar danginsa mai shekara 13. Buddy Holly ya mutu a hatsarin jirgin sama a Fabrairun 1959, Cochran ya mutu a hatsarin mota a Ingila a Afrilun 1960 yana da shekara 21. Daga nan gidajen rediyon Amurka suka wuce gaba, aka bar kiɗan.

Aminu Kurna: Allah ya saka da alheri, Baba. To yaya aka yi ya dawo?

Malam Sabo T/Wada: A Amurka ne ya mutu, a Ingila bai taɓa mutuwa ba. Akwai samarin da ake kira Teddy boys, masu doguwar kwat da man gashi, waɗanda suka riƙe shi kamar gadon uba. Ina gaya maka, a 1976 wata waƙa da wani Hank Mizell ya yi tun 1958, wadda ba ta yi kasuwa ba a ƙasarsu, ta hau mataki na uku a jerin waƙoƙin da aka fi saye a Ingila. Mutumin yana can Amurka ya daɗe da barin harkar, sai da aka yi cigiyarsa.

Shi ya sa su Brian Setzer, Lee Rocker da Slim Jim Phantom, yaran garin Massapequa a jihar New York, da suka ga gida ba a damu da su ba, suka tattara suka tafi Landan a 1980. Sun sha wuya kafin su samu wurin kwana. Sai Dave Edmunds ya ji su ya zama furodusansu, kafin ƙarshen shekarar waƙarsu ta farko ta shiga goman farko. Da idona na gan su a talabijin ɗin ɗakin hutun ɗalibai. Sai a 1982 aka tattara waƙoƙinsu na Ingila aka fitar a Amurka da sunan Built for Speed, faifan ya yi makonni a mataki na biyu. Tashar talabijin ta MTV, mai nuna bidiyon waƙoƙi, da aka buɗe a 1981 ta taimake su ƙwarai, don su abin kallo ne.

Bashir Gwale: Malam, da girmanka, amma ni ban ga abin yabo a nan ba. Wannan waƙar ta Elvis ta 1954 ta waye? Ta Arthur Crudup ce, baƙar fata, ya yi ta tun 1946, ya mutu a 1974 yana bin haƙƙinsa bai samu abin kirki ba. Sam Phillips kuwa kafin Elvis su wa yake ɗauka? Howlin' Wolf, B.B. King, Ike Turner, Junior Parker, duk baƙaƙe. Da ya samu bature mai irin muryarsu sai hankalinsa ya koma can. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. To a ce kuma bayan shekara 25 wasu yaran turawa sun zo suna kwaikwayon masu kwaikwayo, mu kuma mu tafa musu?

Malam Sabo T/Wada: Maganar Crudup gaskiya ce, Bashir, an zalunce shi, kuma ba shi kaɗai ba. Amma ka juya faifan nan na 1954 ka ga ɗaya gefen. Waƙar Bill Monroe ce, baturen Kentucky mai kiɗan ƙauye. Abin da yaran suka yi shi ne suka sa wa kiɗan baƙaƙe saurin na ƙauye, suka sa wa na ƙauye nauyin na baƙaƙe. Carl Perkins ɗan masu noman auduga ne a gonar wani, kuma shi da bakinsa ya sha faɗa cewa wani dattijo baƙar fata da suke tsinkar auduga tare ne ya koya masa jita. Talakawa ne da suka tashi gefe da gefe. Zaluncin a ofisoshin kamfanoni da gidajen rediyo aka yi shi.

Bashir Gwale: Na yarda Perkins ya faɗi malaminsa. Su na 1981 ɗin fa, sun faɗa?

Nura Mai Sutudiyo: Bashir, ka nemi The Blasters kafin ka yanke hukunci. 'Yan garin Downey ne a Kalifoniya, wa da ƙani, Phil da Dave Alvin, sun fara a 1979. Tun suna yara suke bin Big Joe Turner da T-Bone Walker wuraren wasa suna koyo a gabansu. Da suka kafa ƙungiyarsu kuma suka ɗauko Lee Allen, baƙar fata mai busa saksafon da ya yi aiki a faya-fayan Fats Domino da Little Richard a New Orleans, ya zama ɗan ƙungiya, yana hawa dandali tare da su. Faifansu na farko na 1980 ma American Music suka sa masa, ba su yarda a ɗaure su da sunan rockabilly kawai ba, don a wajensu duk kogi ɗaya ne. A kunnena sun fi Stray Cats zurfi, ko da yake ba su kai su kasuwa ba.

Isuhu Maraɗi: Ni abin da ya ɗaure min kai, mutum ukku kaɗai amma ƙarar ta cika kunne. Injiniya, mi ne sirrin?

Nura Mai Sutudiyo: Abu biyu ne, Malam Isuhu. Na farko bas ɗin nan. Ba taɓa tsirkiyar kawai ake yi ba, fizgo ta ake yi a sake ta ta daki katakon, sannan a bi ta da mari da tafin hannu. Sai ka ji amo biyu daga hannu ɗaya, gurnanin tsirkiya da kuma ƙas-ƙas kamar na ganga. Faya-fayan Elvis na farko babu mai ganga ko ɗaya, wannan marin ne ke riƙe da kiɗan.

Na biyu amsa-kuwwa. Sam Phillips yana da na'urorin ɗaukar sauti biyu ƙirar Ampex masu zare. A irin wannan na'ura akwai 'yar tazara tsakanin kan da ke rubutawa da kan da ke karantawa, don haka sautin da ya bi ta na'ura ta biyu yakan dawo a makare kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Sai a haɗa shi da na asali. Sau ɗaya yake maimaituwa, ba irin amsa-kuwwar babban zaure da ke ta yawo ba. Shi ke sa murya da jita su yi kauri kamar mutum biyu ne.

Setzer ya san wannan sarai. Jitarsa Gretsch 6120 ce, irin wadda Eddie Cochran ya riƙe, kuma yana haɗa ta da na'urar amsa-kuwwa mai zare. Abin da ya bambanta su da na dā shi ne ƙarfi. Edmunds ya ɗaga ganga da bas yadda za su yi gogayya da kowane faifai na 1981 a rediyo. Wanda ya ce kwafi ne tsantsa bai saurari biyun a jere ba. Na gwada wannan amsa-kuwwar a kan muryar wani yaro da ke waƙa da gurmi a wurina, shi kansa sai da ya ce a sake sa masa.

Aminu Kurna: Yaya Nura, wannan bayanin ya biya ni. Gobe zan gwada a kwamfuta.

Malam Sabo T/Wada: Kada a manta Stray Cats ba su ne farko ba ko a Amurka. Akwai Robert Gordon a New York, wanda ya baro ƙungiyar punk, wato wani reshen rock mai sauri da hayaniya, ya fitar da faifai a 1977 tare da Link Wray, tsohon gwanin jita na shekarun 1950. A shekarar ne Elvis ya mutu, mutane suka koma neman faya-fayansa na Sun. Akwai kuma The Cramps da suka fara a 1976, waɗanda suka gauraya shi da hayaniyar punk da labaran dodanni. Wannan ni bai taɓa kwanta mini ba, amma daga irinsa ne reshen da ake kira psychobilly ya tsiro.

Wanda na fi girmamawa a duk labarin nan ba mawaƙi ba ne. Ronny Weiser, wani mutum da ya taso a Italiya, son kiɗan nan ya kai shi Los Angeles. Ya kafa ɗan kamfani mai suna Rollin' Rock a gidansa, yana neman tsofaffin da aka manta yana ɗaukar su. Ray Campi ya yi faya-fayai a Texas a shekarun 1950, abin bai karɓe shi ba, ya koma koyarwa a makaranta. Weiser ya dawo da shi, mutumin ya shiga zagaya Turai yana wasa har tsufansa. Faifan Blasters ɗin da Nura ya ambata ma a gidan Weiser aka ɗauke shi.

Abin da nake so Bashir ya duba ke nan. Idan farfaɗowa ta tsaya a man gashi da rigar fata, ni ma ba ruwana da ita. Amma wannan ta sa an je an ƙwanƙwasa ƙofar mutanen da duniya ta manta tun suna da rai. Ronnie Dawson na Texas, Sleepy LaBeef, Charlie Feathers, duk sun sake samun masu saurare. A 1985 aka shirya wa Carl Perkins wasa na talabijin a Landan, manyan taurari irin su George Harrison da Ringo Starr da Eric Clapton suna gefensa, Lee Rocker da Slim Jim suna kaɗa masa. Da tsohuwar zuma ake magani.

Bashir Gwale: To ai duk waɗanda ka lissafa turawa ne, Malam. Ƙofar baƙaƙen da aka manta wa ya ƙwanƙwasa? Sannan ga tutar nan ta 'yan tawayen kudu masu kare bauta da nake gani a hotunan masu wannan kiɗa. Wannan fa?

Malam Sabo T/Wada: Ba zan kare tutar nan ba. Na gan ta ɗinke a bayan rigunan samari a Ingila, kuma a matsayina na baƙar fata akwai unguwannin da idan na hango irinsu da dare nakan sauya hanya. Wata rana a tashar jirgin ƙasa wasu uku suka bi ni da zagi har sai da na shiga taragu. Amma wanda ya fara ara mini faifan Sun, ya zaunar da ni ya nuna mini Junior Parker ne ya fara yin waƙar da Elvis ya maimaita a 1955, shi ma irin shigarsu yake yi. Wasu sun ɗauki tutar alamar taurin kai ce kawai, ba su san tarihinta ba, wasu kuma sun sani sarai. Tambayarka ta farko kuwa tana da nauyi. Masu blues, wato kiɗan baƙaƙen Amurka irin na su Crudup, an yi tasu farfaɗowar daban a shekarun 1960, amma Crudup bai ci moriyar komai ba, kuma wannan tabo ne da ba ya goguwa.

Hajiya Rabi, Las Vegas: Sannunku da hira. Na daɗe ina karantawa, bari in sa baki tunda a garin da nake zaune ake babban taronsu. Ana kiransa Viva Las Vegas, tun 1998 ake yi, kuma wanda ya kafa shi Tom Ingram ɗan Ingila ne, kun ga maganar Malam Sabo ta sake fitowa. Maigidana yana son tsofaffin motoci, shi ya ja ni wajen baje kolin motocin da ake yi a wurin. Ƙanena Bashir, abin da ya ba ni mamaki shi ne yawan 'yan asalin Meziko da suka zo daga Los Angeles, iyali guda har da kakanni da jikoki. Ga 'yan Japan, ga Jamusawa. Baƙaƙe ba su da yawa, ba zan ɓoye ba, amma hoton da ke kanka na turawan kudu zalla ba shi na tarar ba.

Kuma duk hirar nan ba wanda ya ambaci mace. Wanda Jackson 'yar Oklahoma tun shekarun 1950 take wannan kiɗa da murya mai kaushi, har waƙarta ta yi tashe a Japan. Janis Martin ta yi suna tana budurwa, da ta yi aure ta samu ciki kamfani ya ajiye ta. A 1995 Rosie Flores, 'yar asalin Meziko daga Texas, ta ɗauko su biyun ta sa su a faifanta. Wanda Jackson sai a 2009 aka shigar da ita zauren karrama mawaƙan rock, sannan Jack White ya yi mata faifai a 2011 tana da shekara 70 da ɗoriya. Ni dai wannan ya fi taɓa ni a kan zancen jita.

Malam Sabo T/Wada: Kin yi gaskiya, Hajiya, an bar su a baya a hirar. Allah ya ƙara sani.

Aminu Kurna: Anti Rabi, kin taɓa ganin Stray Cats ɗin da kansu?

Hajiya Rabi, Las Vegas: Sun yi wasa a taron a 2018 bayan sun daɗe ba su haɗu ba, amma shekarar ina gida Kano wajen bikin 'yar yayata. Maigidan ne ya je, ya ce har yanzu mai gangar a tsaye yake.

Isuhu Maraɗi: Ashe rabuwa sunka yi? Mi ya raba su da wuri haka?

Nura Mai Sutudiyo: A 1984 suka fara watsewa, shekara biyu kacal bayan sun yi tashe a Amurka. Yayi ne, kuma yayi ba ya zama. A ɗan tsakanin nan kowa ya so ya taɓa, ƙungiyar Queen sun yi waƙa mai wannan salo a 1979 ta kai mataki na ɗaya a Amurka, Neil Young ya yi faifai guda a 1983 har kamfaninsa ya kai shi kotu kan cewa abin da yake yi bai yi kama da shi ba. Bayan nan rediyo ya koma kan fiyano da gangar inji. Setzer ya fito a matsayin Eddie Cochran a fim ɗin La Bamba a 1987, daga baya ya kafa babbar ƙungiya mai masu busa da yawa, ya sake yin kasuwa a 1998.

Waɗanda suka zo bayansu sun rabu gida biyu. Akwai irin Reverend Horton Heat na Dallas da suka fara a 1985, masu gudu da ƙara. Akwai kuma irin Big Sandy a Kalifoniya da High Noon a Austin da suka ce a koma yadda ake yi a 1955, High Noon ko ganga ba su da ita. Ni a nan nake da ja. Wasu a cikin masu wannan ra'ayi har makirufo sai na zamanin, igiyar jita sai irin ta zamanin, idan ka ƙara wani abu su ce ka ɓata. Alhali su Perkins ba tsohon abu suke adanawa ba, sabon abu suke ƙirƙira da abin da ke hannunsu.

Malam Sabo T/Wada: Kada ka raina masu adanawa, Nura. Ba don masu taurin kan nan ba, da wa zai san yadda ake marin bas a yau? Mu nan ba ga shi muna neman masu kukuma da garaya na ƙwarai muna rasawa ba, tun da fiyano ya shigo? Sai an samu wanda ya riƙe abu yadda yake, sannan mai ƙirƙira zai samu inda zai ɗiba.

Nura Mai Sutudiyo: Na karɓi wannan, Malam. Amma ka saurari JD McPherson, shi ma ɗan Oklahoma, faifansa na 2010. Da tsofaffin na'urori aka ɗauka, amma waƙoƙin sababbi ne, kuma ya fi jingina da ɓangaren su Little Richard. Ina ganin har Bashir zai iya zama da shi.

Bashir Gwale: Ban sauka daga maganata kan Crudup ba, kuma ba zan sauka ba. Amma na saurari Blasters yanzu, inda Lee Allen ke busa. Wannan ba kwaikwayo ba ne, na yarda. McPherson kuma sai na ji da kunnena.

Aminu Kurna: Baba Sabo, idan mutum zai fara bi daki-daki, daga ina zai kama?

Malam Sabo T/Wada: Fara da Crudup na 1946, ka bi shi da na Elvis na 1954, waƙa ɗaya ce, ka ji abin da ya sauya. Sai Junior Parker da Carl Perkins. Ka ba su mako guda kafin ka koma wa Stray Cats ɗinka. Faifansu na farko da na sayo a Landan a 1981 yana nan a akwatina, sai dai allurar garmahona ta lalace. Nura, idan kana da mai gyara a Sabon Gari ka turo mini shi, in ya gyaru Aminu ya zo ranar Asabar bayan la'asar ya ji yadda yake fita a faifai.

Nura Mai Sutudiyo: Akwai wani dattijo da ke gyara mini, zan kawo shi da kaina, Malam. Ni ma ina son in ji.